Reshen ɓauren Larabawa yana toho sai ya mutu: yaya ake sa shi ya yi saiwa a zafin nan namu?

Ɗan Ƙofar Sauri

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata a kan ɓauren Larabawa ce, wanda wasu ke kira tin, ba namu na bakin rafi ba. Akwai bishiya ɗaya a gidan maƙwabcinmu, tana 'ya'ya suna nuna har a ci, kuma ya ba da izini a yanki rassa.

Ga yadda aka yi. Rassa 12, an yanke su farkon Afrilu, kowanne ya kai kamu ɗaya. An soka su a baƙar ledar dashe, ƙasar lambu ce haɗe da kashin awaki, ana ba su ruwa safe da yamma. Ledojin suna jikin katanga, rana tana samunsu daga hantsi zuwa azahar. Cikin kwana 10 guda takwas suka yi toho, ganye kore shar. A mako na uku ganyen ya langaɓe ya bushe. Da aka tuge su, gindin ya yi baƙi, ɓawon yana saɓulewa a hannu, ko zaren saiwa ɗaya babu. Biyu kuma gara ta cinye cikinsu.

Don Allah masana, ina kuskuren yake? Wane wata ya fi? Dole ne sai da hodar saiwa? Kayan da ake nunawa a YouTube ba a samunsu a nan, kuma ko da akwai, aljihun ba zai ɗauka ba.

Mai Lambun Ajiwa

Wa alaikumus salam. Malam, ba kuɗi ne ya kashe rassan nan ba, gata ne ya yi musu yawa: ruwa safe da yamma, ga taki, ga rana. Reshen da ba shi da saiwa ba ya shan ruwa sosai, ba ya cin taki ko kaɗan. Abincin da ke cikin jikinsa yake ci har ya fitar da saiwa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan koren ganye da ya faranta maka rai guzurinsa ne ya ƙone a kai. Toho ba shaidar kamawa ba ce. Ganye ya buɗe yana fitar da ruwa, ƙasa babu saiwar da za ta maye gurbinsa, gindin kuma yana zaune cikin caɓi mai zafi da kashin awaki. Dole ya ruɓe.

Fara daga zaɓen reshe, don rabin aikin a nan yake. Nemi na bara, wanda ɓawonsa ya koma ruwan toka ko ruwan ƙasa, kaurinsa daga fensir zuwa ɗan yatsa. Koren kan reshe mai laushi bar shi, cikinsa duk farar totuwa ce, kwana biyu ya zama ruwa. Tsawo taƙi ɗaya ya isa, wato santimita 15 zuwa 20, da ido uku ko huɗu. Kamu ɗaya da ka yi ya yi tsawo ga ledar dashe, abin da ke waje ya fi abin da ke cikin ƙasa, iska ta busar da shi. Kowane reshenka da ka raba biyu ko uku, da ka samu kusan 30.

Yanka da sassafe da wuƙa mai kaifi ko almakashin lambu, kada a karya da hannu. Ta ƙasa ka yanke a miƙe, dab da ƙarƙashin ido, kamar rabin santimita. A daidai gaɓa itacen ya fi tauri, totuwar ta tsuke, ruɓa ba ta saurin shiga, kuma a nan saiwa ta fi fita. Ta sama ka yanke a karkace, santimita biyu sama da idon ƙarshe. Karkacewar alama ce, don kada ka dasa shi kai a ƙasa. In ka rikice, duba tabon da ganye ya bari: ido yana saman tabon ne kullum. Cire ganye duka, da duk wani ɗan ɓaure da ke jiki komai ƙanƙantarsa. Farin nonon da ke fita yana sa ƙaiƙayi, wani ma ya ƙone masa fata in rana ta buga wurin, don haka wanke hannu da sabulu, kada ya shiga ido.

Sai wanki. Murfi ɗaya na Hypo a murfi 10 na ruwa, a tsoma rassan minti ɗaya zuwa biyu, a ɗauraye da ruwa mai kyau, a shanya a inuwa kamar awa ɗaya bakin yankan ya bushe. Daga nan narka kyandir ko kakin zuma a gwangwanin madara, sauke ya ɗan huce, ka tsoma kan saman kawai, tsomawa ɗaya ka fitar. Ta nan ne ruwan jikin reshen ya fi tsiyayewa. Gindin kuma ba a toshe shi. Ɗan kankare ɓawon gefe ɗaya da bayan wuƙa, tsawon gaɓar yatsa, har kore ya bayyana, kada ka kai ga farin itace.

Ƙasar lambu a ajiye ta tukuna. Yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, irin na gini, kwano biyu. Ɓuntun shinkafa kwano ɗaya, wanda aka babbaka ya yi baƙi amma bai zama toka ba. In babu babbakakke, tsohon ɓuntun da ya sha damina ya yi. Ƙara ɗan dintsin dakakken gawayi. Rairayi mai laushi ba ya yi, yana danƙarewa ya hana iska. Sabuwar dusar katako ma haka, tana ɗaukar zafi ta yi fumfuna. Zuba haɗin a bokiti mai huda, kwarara masa tafasasshen ruwa, bar shi ya kwana ya tsane. Da safe damƙi hannu ɗaya ka matse. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya jiƙe da yawa, ƙara busasshe. In ya dunƙule, ka taɓa shi ya wargaje, shi ke nan.

Mazubi kyauta ne a bola. Ledar fiyawata, a yanke bakinta, a wanke, a huda gindi da ƙasan gefe wuri shida zuwa takwas da ƙusa mai zafi. Tana ɗaukar reshen santimita 15. Mai tsawo kuma robar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a yanke wuyan. Amfaninsu kana ganin saiwa ta jiki ba sai ka tuge ba. Yi rami da tsinke tukuna sannan ka sa reshen, kada ka caka shi da ƙarfi. Kashi biyu cikin uku ya shige ƙasa, ido ɗaya ko biyu kawai a waje. Danna yashin ya kama shi.

Yanzu wurin da mutane ke faɗuwa: hannu ya riƙa ƙaiƙayin ba da ruwa. Kwana biyar na farko kada ka ƙara komai. Bayan haka ɗaga ledar ka ji nauyinta, ko ka tura yatsa gaɓa biyu. In da sanyi-sanyi, bar ta. In ta bushe ta rage nauyi, zuba ruwa murfin gora uku ko huɗu ta gefen leda, ba a jikin reshen ba. Yawanci kwana uku zuwa huɗu ke nan.

Gara kuwa, kada leda ta taɓa ƙasa. Ɗora su a kan benci ko tsohon kwanon rufi bisa bulo, a barbaɗa toka kewaye da ƙafafun, ba cikin ledar ba. Kada a bar kara ko busasshen taki kusa. Sau da yawa ma gara ba ita ta kashe reshen ba, mushe ta tarar.

Hodar saiwa, mai sinadarin IBA, tana ɗan gaggauta abin, amma ɓaure yana cikin itatuwan da ba su buƙatarta. Masu cewa a shafa zuma, kiyashi kawai za ka gayyato.

Lokaci a ganina daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu. Bishiyar ta zubar da ganye ko ta tsaya da girma, rassan cike suke da abinci, rana ba ta da zafi. Saiwa tana bayyana mako uku zuwa shida, in daren ya yi sanyi sosai ta kai takwas. Kafin bazara ta kankama sun kama, damina na sauka sai dashe.

Malamar Gona

Bayanin Mai Lambu ya cika, sai dai ina so in tsaya a kan zafin, don shi ne ainihin tambayar, kuma a kan lokaci muna da ɗan saɓani.

Saiwar ɓaure ta fi fita idan ƙasar da gindin ke ciki tana tsakanin digiri 21 zuwa 27. Da ta haura 32 ƙwayoyin ruɓa sun fi reshen sauri. A Katsina watan Afrilu iska kanta tana kai 40 da rana, baƙar ledar da ke jikin katanga kuwa cikinta yana iya wuce 45. Katangar ma tana amayo zafin da ta sha har bayan isha. Ɗan'uwa, dafa su aka yi. Sannan iska mai zafi tana tayar da idon sama da wuri, shi ya sa ka ga ganye a kwana 10. Abin da ake so akasin haka ne, sama ya yi barci, ƙasa ta yi aiki.

In dole sai a bazara, a yi dabarar randa. Samo tsohuwar randa da bakinta ya fashe ko babban kaskon ƙasa, wanda ba a shafe da siminti ko fenti ba. Zuba yashi, jera ledojin a ciki, cike tsakaninsu da yashi har wuya. Yashin wajen ne za a riƙa jiƙawa safe da yamma, ba na cikin leda ba. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin randar, iska ta kwashe shi, cikin ya yi sanyi. Ita ce hikimar tukunya cikin tukunya da Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana aiki sosai a Maris da Afrilu da iska take a bushe, tana raguwa idan gumin gab da damina ya shigo. Abu ɗaya a kiyaye: gindin randar ya zama da huda, ruwa kada ya taru ya shiga ledojin ta ƙasa. A ɗora ta bisa duwatsu uku. Ga ƙarin riba, yashin ya rufe farar ledar, haske ba ya shiga balle gansakuka ta fito.

Inuwa kuma a lura da ita, tana tafiya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da mu ne, sauran shekara ta kudu. Katangar da ta ba ka inuwa a Janairu tana iya tona maka asiri a Mayu. Mafi aminci ƙarƙashin bedi mai duhu, ko zaure mai iska, ko rumfar zana ta gabashin ɗaki inda hasken safiya kawai ke shiga. Haske ake so, ba rana ba.

Abin da za ka gani a intanet na kifa roba ko rufe reshe ruf da leda, na ƙasashen sanyi ne. A nan awa ɗaya ta ishe shi ya turara. Da hunturu, lokacin da laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ana iya kifa rabin gora, amma a cire murfinta, kuma a cikin inuwa. Wanda ya fi sauƙi, a yanko siririn ƙyallen farar leda a naɗe sashen da ke waje, a bar idon a buɗe.

Saɓanin namu: Janairu yana da kyau ga wanda zai iya renon jariran dashe daga Maris zuwa Yuni, wata huɗu na wuta, ga ƙarancin ruwa. Wanda bai saba ba, yini ɗaya ya manta ya tarar da su sun ƙone. Ni sabon shiga ina tura shi ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Zafi ya karye, iska da laima, reshe ba ya bushewa ko babu kaki. Sharaɗin kawai ruwan sama kada ya zuba a ledar, a sa su ƙarƙashin rufi, in ba haka ba markar Agusta ta ruɓar da su. Illarsa kuma ba za su isa dashen fili a wannan daminar ba, sai su zauna a babbar leda, ko a dasa a cikin gida inda ake iya ban ruwa.

Ɗan Ƙofar Sauri

Allah ya saka da alheri, Malam da Malama. To in toho ya riga saiwa fitowa, a tsinke shi ne? Kuma wani ya ce a sa su a kofin ruwa kawai. Sannan akwai busasshen tin da alhazai ke kawowa tsaraba, in aka shuka ƙwayar cikinsa ba zai fi sauƙi ba?

Malamar Gona

Kada ka tsinke idon. Bar ƙananan ganye ɗaya ko biyu, in wani ya fi tafin hannun yaro ka rage rabinsa da almakashi, ka ƙara masa inuwa. Kada ka ga ya yi yaushi ka ƙara ruwa, sai dai ka ɗan fesa wa ganyen da asuba.

Kofin ruwa yana yi, amma a zafi ruwan yana ɗumi ya yi yauƙi, sai an canza shi duk kwana biyu, kuma santimita biyar na gindi kawai za su shiga. Fararen ƙuraje da za ka fara gani a ɓawon ba saiwa ba ne tukuna. Saiwar ruwa tana da gautsi, da ta kai gaɓar yatsa a mayar da ita yashi, in ta yi tsawo wajen dashe take karyewa.

Mai Dashe

Maganar ƙwaya, Malam, kada ka ɓata shekarunka. Za ta tsiro kam, amma ba uwar za ka samu ba. Kusan rabin abin da ya fito daga ƙwaya namiji ne, 'ya'yansa busassu ba a ci. Sauran kuma da yawansu ba sa riƙe 'ya'ya sai an yi musu barbara.

Ka san ƙananan ƙwarin nan da muke hurewa in mun ɓare ɓauren gida? Su ne masu barbarar. Furen ɓaure a cikin ɗan yake, ƙwaron yana shiga ta cibiyarsa da garin fure. Kowane irin ɓaure da nasa ƙwaron, na ɓaurenmu ba ya yi wa na Larabawa aiki. Mafi yawan busasshen tin na kasuwa daga Turkiyya yake, ita ce kan gaba a duniya wajen nomansa, kuma irin da suke busarwa a yankin Aydin sai da ƙwaron yake nuna. Kawo shi nan, zai yi 'ya'ya su kai girman goro su kakkaɓe ɗanyu, shekara bayan shekara. Irin da ke yi mana shi ne mai nuna ba barbara, kamar Brown Turkey da Black Mission.

Kai ka riga ka tsallake wannan ramin tunda bishiyar maƙwabcinka tana nuna a nan cikin gari. Reshe kwafin uwarsa ne sak, daɗinta da cutarta duka. Don haka duba ganyenta. In ka ga dabbare-dabbaren rawaya da kore, ganyen ya murɗe ko ya tsuke, cuta ce da ke bin reshe, zaɓi ɓangaren da ganyensa ya fi lafiya, ko ka nemi wata uwar. Duba cibiyar 'ya'yan ma. Mai tsukakkiyar cibiya ya fi jure damina, mai buɗaɗɗiya ruwa da ƙwari suna shiga ya yi tsami kafin ya nuna. Kuma duk mai sayar maka da sanda da sunan wani iri na waje, ce ya nuna maka uwar da 'ya'ya a jikinta, ba hoto a waya ba.

In daga nesa za a kawo rassa, a naɗe su a jarida mai ɗan danshi, a sa a leda, kada su hau bayan mota a rana. Sun iso ba a shirya ba, a ajiye gindin randa kwana biyu ko uku. Wanda ya ɗan yamutse a jiƙa shi cikin ruwa ya kwana. Kankara ɓawon da farce: kore yana da rai, ruwan ƙasa ya tafi.

Dattijon Daura

Ɗana, tunda bishiyar tana maƙwabta kuma akwai zaman lafiya, me ya sa za ka raba ɗa da uwa kafin ya iya ci da kansa? Sa shi ya yi saiwa yana jikinta. Wannan ba ruwansa da zafi sosai, don uwar ce ke shayar da shi.

Hanya mafi arha, in akwai reshen da ya sunkuyo kusa da ƙasa, tona ɗan rami zurfin taƙi, kankare ɓawon cikin reshen inda zai kwanta, lanƙwasa shi a hankali, rufe da ƙasa, ɗora dutse, kan reshen ya leƙo waje. A yi da saukar damina. Wata biyu ka tona gefe ka duba, ka yanke ta ɓangaren uwar. Ka duba gindin bishiyar ma, ɓauren Larabawa yana yawan fitar da 'ya'yan gindi, wasu da saiwarsu. Wannan sai dai a sa magirbi a ɓanɓaro.

In rassan duk a sama suke, sai ɗauri. Zaɓi mai kaurin babban yatsa, auno kamu ɗaya daga kansa, ƙarƙashin wani ido. Zagaye ɓawon da wuƙa wuri biyu, tsakaninsu faɗin yatsa biyu, ɓare zoben. Sai ka kankare santsin nan da ke jikin itacen tas. Wanda bai kankare ba, ɓawo zai sake haɗewa, ya dawo bayan wata biyu ya tarar da tabo kawai. Goge nonon. Cika ledar fiyawata da ɓuntu da ƙasa rabi da rabi, mai danshi irin wanda Mai Lambu ya kwatanta, tsaga ta ta gefe, rungume wurin da ita kamar dunƙulen fura babba, ɗaure sama da ƙasa da robar tayar keke. Ɗaurin sama ya fi matsewa, don ruwan sama da ke gangarowa ta reshen kada ya cika ledar. Sannan a lulluɓe da farin buhu ko kwali, rana kada ta dafa saiwar. Duk mako a leƙa. In ya bushe a ɗura ruwa kaɗan da sirinji, in tururuwa ta yi gida a ciki a kore ta.

Mako huɗu zuwa takwas za ka ga saiwa ta zagaye ledar. Fara sol ba ta ƙosa ba, jira ta fara komawa ruwan ƙasa. Yanke ƙasa da ɗaurin, rage ganyen ka bar uku ko huɗu, kwance ledar ba tare da ka fasa dunƙulen ba, sa a babbar leda, inuwa mako uku. Aibinsa ɗaya, ba ka samun yawa. Bishiya matsakaiciya kada a ɗaura mata fiye da huɗu ko biyar, kada a ci amanar maƙwabci a bar masa kututture.

Kada kuma a ruɗe da cediya da durumi. Su ne ake saro reshe kamar damtsen mutum, tsawon mutum, a bar shi kwana ɗaya ko biyu nonon ya bushe, a binne kamu ɗaya a ƙofar gida da farkon damina, a kewaye da ƙaya, ya kama. Dangi ɗaya ne da tin, amma shi siririn reshe gare shi, ba shi da wannan guzurin da zai tsaya a fili yana jiran saiwa.

Mai Lambun Ajiwa

Baba ya kawo hanya mafi tabbas, ban musa ba. Malama ma na karɓi uzurinta a kan renon bazara, sai dai mai randa da inuwar bedi zai iya. Saura wurin da ake asarar waɗanda suka riga suka kama, wato canjin mazubi.

Ganin zaren saiwa ɗaya a jikin leda ba shi ne lokaci ba. Jira ta yi rassa ta bayyana ta gefe biyu ko uku. Ba da ruwa kaɗan da daddare, da safe ka tsaga ledar da reza daga sama zuwa ƙasa. Kada ka ja reshen, saiwar farko kamar taliya take, kuma a daidai inda ta fito take ɓallewa. Sabon mazubi ya ɗauki lita huɗu ko biyar, tsohon galan ko buhun siminti da aka wanke aka huda. Haɗin yanzu ƙasa kwano biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya, wanda ya shekara ya zama baƙi ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji da takin zamani a bari sai bayan wata biyu. Mako ɗaya a inuwa, sannan ranar safe awa ɗaya, ana ƙarawa a hankali har mako biyu ko uku.

Ƙasar da za ka ɗebo, kada ta zama daga inda aka yi tumatir ko kuɓewa ko yalo. Tuge tsohon gindin kuɓewa ka duba, in saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, akwai tsutsar saiwa, ido ba ya ganinta. Ƙasar jigawa irin tamu ita ce gidanta, ɓaure kuma yana cikin abin da ta fi so. Bishiyar da ta kamu tana tsumburewa, ganye ya yi rawaya, ta riƙa yaushi da rana ko an ba ta ruwa, kuma ba a warkar da ita da sauƙi. Ƙasar leda a yi mata tafasasshen ruwa. Wurin dashe kuma, a jiƙa shi sosai a Afrilu, a shimfiɗa farar leda mai haske a binne bakinta, a bari mako huɗu zuwa shida rana ta gasa shi. Nan dai zafin ya yi mana rana.

Ramin dashe santimita 60 faɗi da zurfi, a haɗa ƙasar sama da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Tsakanin bishiya da bishiya mita uku zuwa huɗu, kuma a nisanta da katanga da sokawe, saiwarsa mai bin laima ce. Dasa da yamma bayan ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, ka nutsar da shi yatsa uku fiye da yadda yake a leda. Baza busasshiyar ciyawa ko ganyen bedi kewaye, amma kada ya taɓa jikin itacen saboda gara. Kifa masa tsohon kwando marar gindi ko ka kewaye da waya, akuya ba ta barin tohon ɓaure. In ya fitar da 'ya'ya a watannin farko, tsinke su, sai ya kai tsayin ƙugu da rassa uku ko huɗu sannan a bar masa.